Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Sojojin Ƙasa Kan Halin Da Likitan Sansanin Bakin Iyaka Ke Aiki A Ciki

Zuwa ga Mai Girma Babban Hafsan Sojojin Ƙasa na Najeriya,
ta hannun Shugaban Sashen Lafiya na Rundunar Sojojin Ƙasa.
Kwafi ga Masu Girma Gwamnonin Kano da Jigawa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna gaisuwa tare da fatan alheri, muna kuma roƙon Allah Ya jiƙan dakarunmu da suka rasu a bakin aiki, Ya ba waɗanda ke kwance lafiya.

Mu masu wannan takarda tsofaffin ma'aikatan lafiya ne na soja da na farar hula: likitoci, nas-nas na ɗakin tiyata, masu ba da allurar barci da masu gwajin jini, waɗanda suka yi ritaya suka koma garuruwansu a ƙasar Gumel, Kazaure, Haɗeja, Bichi da Ƙaraye. Ba mu da ƙungiya, ba ma neman kwangila. Muna magana ne da yawun likitan da ake turawa sansanin bakin iyaka, da sojan da za a shimfiɗe a gabansa jina-jina, da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da sansanin, waɗanda sau da yawa shi ne kaɗai likitan da ƙafarsu za ta iya kaiwa gare shi kafin gari ya waye.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ƙarin dakarun da aka girke a yammacin Kano tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga ɓangaren Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a 2025. Ga kuma tsohon aikin gadin iyakarmu da Nijar daga Babura zuwa Maigatari har Birniwa, ga dajin Falgore a kudu. Mun gode da wannan mataki. Damuwarmu ita ce yadda ake lissafin lafiya idan za a kafa sansani. Ana ƙirga soja, a ƙirga mota da harsashi, sai a rubuta "likita ɗaya" a ɗauka an gama. Likitan da ba shi da jini, ba wuta, ba abokan aiki, ba hanyar fitar da majinyaci, rijiya ce babu guga.

A fara da sanin wane ne wannan likita. Galibi ba ƙwararren likitan tiyata ba ne. Matashi ne da ya gama shekarar horon asibiti da bautar ƙasa, ya shiga soja ta gajeren kwas na hafsoshi, aka liƙa masa tauraro a kafaɗa. Yawancin ranakunsa ba ya ganin raunin harsashi. Zazzaɓin cizon sauro yake gani, da gudawa, da ƙuraje, da harbin kunama, da ciwon baya. Sai rana ɗaya a kawo masa mutum shida a bayan Hilux lokaci guda, biyu ba sa magana, kuma shi ne zai zaɓi wanda zai fara taɓawa. Yawancin koke-kokenmu a kan wannan rana ɗaya suke.

Na farko kuma mafi girma, zubar jini. Binciken da sojojin Amurka suka wallafa a 2012 kan dakarunsu 4,596 da suka mutu a fagen daga tsakanin 2001 da 2011 ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 sun cika tun kafin a kai su asibiti. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan raunukansu irin waɗanda ake iya tsira da su ne, kuma fiye da kashi 90 na wannan rukuni jini ne ya kashe su. Wannan runduna ce mai jirage da kuɗi. A wajenmu, inda hanya ta fi nisa, darasin ya fi ƙarfi. Baligi yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Idan ya zubar da lita 2 ya shiga hannun Allah, kuma babbar jijiyar cinya idan ta tsinke tana iya zubar da wannan cikin 'yan mintuna. Likita ba ya wajen a waɗannan mintuna. Abokin sojan ne a wajen, ko shi kansa mai raunin.

Saboda haka maɗaurin tsayar da jini ba kayan ɗakin likita ba ne, kayan jikin kowane soja ne kamar bindigarsa. Ana ɗaura shi sama da raunin da santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba, ba a kan aljihu mai waya ko makulli ba. A ja igiyar ta matse sosai tukuna, sannan a murɗa sandar har jini ya tsaya, bugun jijiya a ƙasan maɗaurin ya ɗauke. A maƙale sandar, a rubuta lokaci a jikin maɗaurin ko a goshin mai raunin. Inda ake samun matsala mun san shi. Wani ya ɗaura sako-sako, sai ya toshe jijiyar da ke mayar da jini zuciya ya bar wadda ke kawo shi, jinin ya ƙaru maimakon ya ragu. Wani ya ji abokinsa na ihu ya tausaya masa ya sassauta, alhali maɗaurin da aka ɗaura daidai dole ya yi zafi. Akwai na jabu da sandarsa ke karyewa a murɗa ta biyu, akwai wanda ya shekara a rataye a gaban riga rana ta cinye shi, akwai wanda aka yi ta atisaye da shi har ya saki sannan aka mayar da shi jakar aiki. Ƙasa da awa 2 ƙafa ba ta cika lalacewa ba. Idan ya wuce awa 6 ba a kwance shi sai a asibitin da ke da kayan gwaji, domin dattin da ya taru a tsokar na iya tsayar da zuciya ko kashe ƙoda. Idan ba a rubuta lokaci ba, likitan da ya karɓi majinyacin ba shi da abin da zai yanke hukunci da shi, kuma ƙafafu da yawa a nan ake rasa su. A matse-matsi, hammata da wuya kuwa maɗauri ba ya kamawa. Sai a cusa bandeji har ƙasan ramin a danne da ƙarfi, minti 3 idan bandejin mai maganin daskarar da jini ne, minti 10 idan na gama-gari ne, ba tare da ɗagawa a leƙa ba.

Bayan wannan akwai allurar tiranekzamik, wadda ke hana gudan jini narkewa. Babban gwajin da aka wallafa a 2010, wanda ya haɗa majinyata fiye da 20,000 a ƙasashe 40 har da Najeriya, ya nuna tana rage mutuwa idan an ba da ita da wuri: giram 1 ta jijiya a hankali cikin minti 10, sai wani giram 1 cikin awa 8. Bayan awa 3 da jin rauni amfaninta ya tafi, tana ma iya cutarwa. Ba ta buƙatar firij, ba ta da tsada. Idan tana kulle a sito a hedikwatar birged, kamar babu ita ne. Wajenta jakar ma'aikacin lafiyar da ke fita sintiri.

Sai jinin kansa. Mai zubar da jini jini yake buƙata. Idan babu, likita yakan rataya ruwan gishiri leda bayan leda domin ba zai tsaya yana kallo ba. Ruwan nan ba ya ɗaukar iskar oksijin, yana tsarma abin da ke daskarar da jini, yana sanyaya jiki, kuma idan ya ɗaga bugun jini da yawa sai ya ture gudan da ya fara toshe raunin. Abin da ake so kafin tiyata shi ne a ji bugun jijiya a wuyan hannu, awon jini na sama ya tsaya wajen 80 zuwa 90, in dai ba rauni a ka. Jinin da ke leda kuma yana da sharaɗi: sanyi tsakanin digiri 2 da 6 ba yankewa, kwana 35 a irin ledar da aka fi amfani da ita. Firij ɗin gida da ke bin janareto, a kunna da magariba a kashe da asuba don tattalin dizal, ba ya ajiye jini. Firij ɗin jini na sola mai batir ake buƙata, da ma'aunin sanyi da ake rubutawa safe da yamma.

Inda firij bai samu ba, jinin yana yawo a jikin dakarun. Kafin a tura runduna a gwada rukunin jinin kowa a rubuta a tambarin wuyansa, a tantance cutar HIV, ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, a fitar da jerin masu rukunin O, a riƙa sabunta gwajin. Ranar da aka kawo mai rauni a kira mutum biyu daga jerin, a ɗebi mililita 450 daga kowanne, a sake gwajin gaggawa, a ɗaura wa majinyaci da ɗuminsa, a biyo da allurar kalsiyam domin sinadarin da ke cikin ledar yana cinye na jiki. Abin da wannan tsari ke ci shi ne ledojin ɗibar jini, kayan gwaji da littafi. Idan aka bari sai ranar da abin ya faru, sai a ga likita na yawo da tocila yana tambayar sojoji wane ne O, wasu ma ba su sani ba.

Za mu ƙara abu ɗaya da mutane ke mamaki: sanyi na kashe mai rauni ko a ƙasarmu. An yanke masa kaya, jikinsa jiƙe da jini, an kwantar da shi a kan ƙarfen mota da ƙarfe ukun dare cikin hunturu, iska na kaɗa shi har a isa. Jiki idan ya yi sanyi jini ba ya daskarewa. Bargo biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, magani ne.

Na biyu, ɗakin aikin da mutanen cikinsa. Tiyata aikin mutum huɗu ce ko biyar: mai yanka, mai ba da allurar barci da ke gadin numfashi, nas mai miƙa kaya, mai gwajin jini, da mai dafa kayan aiki. Ketamin, allurar sa barci, miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo na nauyin jiki ta jijiya, ita ce abokiyar likitan daji domin ba ta cika kayar da bugun jini ba. Amma wanda hannunsa ke cikin cikin mutum ba zai iya kallon numfashinsa ba. Dole a sami wani a wajen kai, da na'urar auna oksijin a yatsa, da injin zuƙe majina da amai, da oksijin. Injin tace oksijin mai ba da lita 5 a minti yana cin wuta wat ɗari uku zuwa ɗari huɗu, don haka a lissafa shi cikin ƙarfin solar tun farko, a ajiye tukunyar oksijin cike saboda ranar da ya tsaya. Kayan aiki kuma a dafa su da tururi a digiri 121 na minti 30, da tef ɗin da ke canza launi ya shaida sun dahu. Jiƙa almakashi cikin ruwan magani a faranti ba dafuwa ba ce. Idan saitin buɗe ciki ɗaya ne a sansani, majinyaci na biyu zai jira a wanke a dafa, kuma jininsa ba ya jira.

Raunin ƙirji na da nasa gaggawar. Idan iska ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari ta danne zuciya, doguwar allura mai lamba 14 da tsawon santimita 8 ce ke sako ta, sai a biyo da robar ƙirji da kwalbar ruwanta. Gajerar allurar ƙarin ruwa sau da yawa ba ta ratsa ƙirjin ƙaƙƙarfan soja.

Kuskuren da muka fi so a yi wa matasan likitoci kashedi a kansa shi ne ɗinke raunin harsashi ranar farko. Ramin da ake gani a fata ƙarami ne, ɓarnar tana ciki, tare da guntun khaki da ƙasa da harsashin ya ja. Ƙa'idar da ƙungiyar Red Cross ta duniya ke koyarwa, wadda likitocinta suka daɗe suna aiki da ita a Maiduguri, ita ce a buɗe raunin, a yanke duk tsokar da ta mutu, wadda ba ta jini ba ta motsi idan an mintsine ta, a wanke da ruwa mai yawa, a bar shi a buɗe ƙarƙashin bandeji mai kauri, a ɗinke bayan kamar kwana 5 idan ya yi tsabta. A ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri, a ƙara da filajil idan hanji ya fashe, a yi allurar titanus. Wanda aka ɗinke da wuri don ya yi kyan gani yakan dawo kwana uku da zazzaɓi, ƙafa a kumbure tana wari, sai maganar yankewa. Haka kuma aikin likitan sansani ba gyara komai ba ne. Ya tsayar da jini, ya ɗaure hanjin da ke zuba, ya cusa auduga, ya rufe na wucin gadi cikin awa ɗaya ko ɗaya da rabi, ya tura gaba.

Wannan ya kawo mu ga na uku, turawa gaba. Tun shekarun 1790 likitan sojan Faransa Dominique Larrey ya fito da keken doki mai sauri na kwaso masu rauni daga fagen daga, ya kuma kafa ƙa'idar a fara da wanda ya fi jin jiki, ko janar ne ko farabiti. Fiye da shekara 200 bayan haka, bai kamata sojanmu ya dogara da ko akwai motar da ba ta fita sintiri ba. Daga Maigatari zuwa Kano ya haura kilomita 100. Daga Kano zuwa asibitin soja na 44 a Kaduna ya haura 200. Kafin a hau kwalta akwai yashin da ke riƙe taya da rani, da fadamun da ke cika da damina, musamman ɓangaren Haɗeja. Motar asibitin sansani ta zama mai jan ƙafa huɗu, tankinta cike kullum, ba a aikenta cefane ko kai oga gari. A bayanta a sami ma'aikacin lafiya zaune da majinyaci, da fitila, da oksijin, da wurin rataya jini. Kafin ta tashi a kira asibitin da za a je a faɗi me aka ɗauko, domin a tayar da mai allurar barci a buɗe ɗakin tiyata. Isa ƙofar asibiti da ƙarfe huɗun asuba ba sanarwa yana cinye wata awa guda a banza.

A nan ne muke kiran gwamnoninmu. Manyan asibitocin Gumel, Kazaure, Babura, Haɗeja, Bichi da Gwarzo su ne mafi kusa da waɗannan wurare. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Murtala, Asibitin Ƙashi na Dala, Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu su ne mataki na gaba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da dokar 2017 kan kula da waɗanda aka harba sun riga sun wajabta karɓar majinyacin gaggawa ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya a rubuce: wane sansani ke kai wa wane asibiti, lambar wa za a kira, wa zai biya jini da magani daga baya.

Na huɗu, cututtukan da ba harsashi ba, waɗanda a tarihin yaƙe-yaƙe suka sha kwantar da soja fiye da abokan gaba. Yankinmu yana cikin ɗamarar sanƙarau, wato sashen Afirka da cutar ta fi ɓarkewa, kuma masu shekaru ba su manta annobar 1996 ba. Dakaru da ke kwana a cunkushe a tanti tsakanin Fabrairu da Mayu su ne abincinta. Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin sanƙarau mai kare nau'i biyar a 2024, don haka babu dalilin tura soja nan ba tare da ita ba. A Afrilu zafi na haura digiri 40, soja na ɗauke da rigar sulke da hular kwano. Wanda ya fara sambatu jikinsa ya yi zafi rau, a tuɓe shi a kwarara masa ruwa a yi masa fifita nan take, kafin a yi maganar mota. Zafin nan kuma yana kashe magani a kwantenar ƙarfe, domin yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30. Allurar titanus kuwa firij take so, amma idan ta ƙanƙare ta mutu.

Sai maciji. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, dafinta na hana jini daskarewa, kuma mutum na iya tafiya da ƙafarsa yana cewa ya ji sauƙi alhali yana zubar da jini a ciki. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba jini mililita 2 a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, a karkata. Idan bai daskare ba, a ba da maganin dafi, a sake gwaji bayan awa 6. Kwalbar roba ko wadda aka wanke da sabulu tana ba da sakamakon ƙarya. Maganin kuma ya zama wanda aka yi don macizan Afirka ta Yamma, irin su EchiTAb da asibitin Kaltungo ya san su. Wanda aka haɗa don macizan Indiya ba ya aiki yadda ya kamata a kan kububuwarmu. A nan maɗauri cutarwa yake, haka tsaga da tsotsa.

Gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a Oktoban 2024, wadda ta ci fiye da mutum 150, ta nuna mana abin da ƙuna ke buƙata. Mutum mai kilo 70 da ya ƙone kashi 40 na jikinsa yana buƙatar ruwa kamar lita 11 a rana ta farko, rabi cikin awa 8. Wato fiye da leda 22 ta rabin lita ga mutum ɗaya. Sansanin da ke ajiye man fetur da harsashi ya duba sitonsa da wannan lissafi.

Na biyar, mutanen gari. Ko an so ko ba a so za su zo: mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, yaro mai jijjiga, wanda sa ya soka ranar kasuwar Alhamis a Maigatari, ɗan acaɓan da ya karye. Likita ba zai kore su ba, sai ya yi amfani da kayan dakaru, kayan su ƙare ba lissafi. A ware musu kaso da sani: oksitosin a firij da misofurostol don tsayar da jinin haihuwa, magniziyam salfet don jijjigar masu ciki, atesunet na allura don zazzaɓi mai tsanani, da ungozoma ko nas mace, domin matanmu da yawa ba za su yarda namiji ya duba su ba sai abu ya ɓaci. A yi musu rumfa a wajen shinge, kada su riƙa ratsa sansani. Hakan ya fi wa sansanin tsaro, ya kuma kare ɗan ƙauye daga a ce yana kai wa soja rahoto. Idan kuma aka kawo ɗan bindiga da rauni, Yarjejeniyar Jeniba ta 1949 da rantsuwar aikin likita sun wajabta a yi masa magani. A faɗa wa kwamandoji wannan a fili, kada a bar ƙaramin kyaftin yana jayayya da na gaba da shi a kan gadon majinyaci.

Na ƙarshe shi ne rayuwar likitan, kuma ita ce ake mantawa. Shi kaɗai ne, don haka ba shi da ranar hutu, ba shi da daren da zai kashe waya. Wanda ya mutu a hannunsa da safe, da shi suka ci abinci jiya. Iyalinsa na Kano ko Kaduna. Abokan karatunsa na tara ayyukan tiyata a littafinsu suna shirin jarrabawar ƙwarewa ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, shi kuwa hannunsa na sanyi, domin wanda ya yi wata shida bai buɗe ciki ba ba zai yi sauri ranar da ake buƙata ba. Idan wa'adinsa ya wuce ba a kawo mai canjinsa ba, lissafin barin aiki yake farawa, kuma Saudiyya da Ingila na jiran irinsa. Wannan mutum ba kaya ba ne a wuyan runduna. A asibitin soja na Konstantin a Aljeriya ne likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin majinyaci a 1880. Likitanmu ma yana ganin abin da ba wanda ke gani, in an ba shi littafi da lokacin rubutawa. Rubutun nan kuma shi ne hujjar sojan da ya rasa ƙafa ranar da zai nemi haƙƙinsa, da ta matar wanda ya rasu.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kada a buɗe sansanin da zai wuce wata ɗaya sai shugaban lafiya na birged ya sa hannu cewa akwai tawaga, wuta, mota da asibitin karɓa. Kowane soja ya fita da maɗauri biyu na gaske da bandejin cusawa, a gwada shi kan ɗaurawa da hannu ɗaya a cikin duhu duk wata uku, da maɗaurin atisaye mai launi dabam. A sa tiranekzamik a jakar sintiri. A yi gwajin jinin dakaru kafin tashi, ba bayan isa ba.

Kowane likita, kafin a tura shi, ya yi aƙalla wata uku a sashen haɗari da ɗakin tiyata na babban asibiti, ya nuna da hannunsa zai iya sa robar ƙirji, buɗe maƙogwaro, tsaga ƙafar da ta kumbura don ceto tsoka, buɗe ciki ya cusa auduga, da fiɗar haihuwa. Inda babu ƙwararre a kowane sansani, a zaunar da tawagar tiyata ta soja guda a babban asibitin da ke tsakiyar sansanoni uku ko huɗu. Za ta yi wa farar hula aiki kullum, hannunta ba zai yi sanyi ba, kuma tana kusa ranar da dakaru suka buƙace ta. Gwamnatocin jihohi su ba da ɗaki, sola da firij ɗin jini.

A ƙayyade wa'adin likita a sansani, muna ba da shawarar wata shida, a rubuta ranar canji a takardar turawa, a kuma lissafa masa wannan lokaci cikin horon ƙwarewarsa. A haɗa shi da babban likitan da zai iya kira kowane lokaci ya tura masa hoton rauni. Bayan ya dawo, shi da tawagarsa su ga likitan ƙwaƙwalwa a matsayin ƙa'ida ga kowa, don kada wani ya ji kunyar nema. Makullin akwatin mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, da ketamin ya kasance a hannun mutum biyu masu kwana a sansani, da littafin da ake ƙirgawa kullum.

Muna kuma roƙon ka aiko mai duba aiki ba tare da sanarwa ba, da dare. Ya buɗe firij ya karanta ma'auni da littafinsa, ya tayar da motar asibiti ya duba mai, ya tsayar da kofur ɗaya ya ce ya ɗaura maɗauri yana kallon agogo, ya kira lambar asibitin karɓa ya ga ko za a ɗauka. Idan ana buƙatar masu koyar da dakaru ko ma'aikatan asibitocin karkara waɗannan abubuwa, a cikinmu akwai masu sauran ƙarfi, kuma masu unguwanninmu da hakimanmu sun san gidajenmu.

Allah Ya taimake ka, Ya tsare dakarunmu.

Naka cikin girmamawa,
Tsofaffin ma'aikatan lafiya na soja da na farar hula,
mazauna karkarar Kano da Jigawa.